Bashin Yaƙi, Bankin Ƙasa da Ikon Tarayya a Farkon Gwamnatin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Amurka ta fito daga yaƙin neman 'yancin kai a shekarar 1783 da nasara a hannu, amma baitulmalinta wayam, ga kuma masu bin ta bashi a gida da waje. Yadda aka warware wannan matsala a shekarun da suka biyo baya shi ne ya fayyace ko gwamnatin tarayya za ta zama hukuma mai iko na haƙiƙa, ko kuwa za ta tsaya a matsayin zauren da jihohi ke taruwa su yi shawara su watse.

Daga ina bashin ya samo asali?

Daga yaƙin da yankuna 13 suka yi da Birtaniya tun daga 1775. Majalisar da ta jagoranci yaƙin ba ta da ikon karɓar haraji daga kowa, saboda haka ta bi hanyoyi uku. Da farko ta buga takardun kuɗi, har adadinsu ya haura dala miliyan 240, ba tare da zinariya ko azurfa da ke tsaye a bayansu ba. Darajarsu ta yi ta zubewa har a 1780 majalisar da kanta ta yarda cewa dala 40 ta takarda ita ce daidai da dala ɗaya ta azurfa, kuma ba a jima ba 'yan kasuwa suka daina karɓarsu baki ɗaya. Sai ta ci bashi a waje, mafi yawa daga gwamnatin Faransa, kaɗan daga Sifen, sannan daga masu bankunan Amsterdam a ƙasar Holan, inda wakilin Amurka John Adams ya ƙulla rance na farko a 1782. Hanya ta uku ita ce ta fi shafar talakawa: idan sojoji suka ɗebi hatsi ko dabbobi ko amalanken manomi, sai a rubuta masa takarda a ce za a biya shi wata rana, haka kuma aka sallami sojojin kansu da takardun alkawari a madadin albashin da suke bi. Ban da wannan duka, kowace jiha ta ci nata bashin daban domin ɗaukar nauyin dakarunta.

Me ya hana majalisar biyan bashin bayan an gama yaƙi?

Yarjejeniyar haɗin gwiwa da jihohin suka fara aiki da ita a 1781 ta bar ikon haraji gaba ɗaya a hannun jihohi. Abin da majalisa ke iya yi shi ne ta yanka wa kowace jiha kasonta ta aika mata da roƙo, kuma abin da ke dawowa bai taka kara ya karya ba. Sau biyu aka nemi ba wa majalisa damar karɓar harajin kashi 5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su, amma gyaran yarjejeniyar yana buƙatar amincewar kowace jiha ba tare da an bar ko ɗaya ba. A karo na farko Rhode Island, wadda ta fi kowace jiha ƙanƙanta, ita ce ta ƙi a 1782. A karo na biyu New York ce ta gindaya sharuɗɗan da suka kashe maganar a 1786, domin ba ta son rabuwa da kuɗin fiton tashar jiragen ruwanta. Robert Morris, attajirin Filadelfiya da aka damƙa wa harkar kuɗi a 1781, ya kai ga sa hannunsa a takardun bashi da sunansa na kansa, domin a lokacin 'yan kasuwa sun fi yarda da shi a kan gwamnatin da yake yi wa aiki. Daga bisani ƙasar ta daina biyan Faransa ko da kuɗin ruwa.

Shin wannan rashin kuɗi ya kai ga tashin hankali?

Ya kai, kuma fiye da sau ɗaya. A watan Maris na 1783, hafsoshin soja da ke sansanin Newburgh a jihar New York suka fara raɗe-raɗin ƙin ajiye makamai har sai an biya su haƙƙinsu. Babban kwamandansu George Washington ya shigo taronsu ba zato, ya yi musu jawabi, da ya zo karanta wata wasiƙa sai ya laluba aljihu ya fito da tabarau, wanda yawancinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba, ya roƙe su gafara yana cewa furfura ta kama shi, ga ido ya fara rauni, duk a hidimar ƙasa. Da wannan jikin mutane ya yi sanyi, maganar bore ta mutu. Bayan wata uku, wasu ɗaruruwan sojoji suka kewaye ginin da majalisa ke zama a Filadelfiya suna neman albashinsu, gwamnatin jihar Pennsylvania ta ƙi fito da dakarunta, dole 'yan majalisa suka tattara suka koma garin Princeton.

Wanda ya fi girgiza masu hannu da shuni shi ne boren manoman yammacin Massachusetts a 1786 da 1787. Jihar ta ɗora haraji mai nauyi domin biyan bashinta na yaƙi, kuma ta ce sai da tsabar kuɗi, abin da manomi ba shi da shi. Da aka fara ƙwace gonaki ana kai mutane kurkuku kan bashi, sai manoma suka rufe kotuna da ƙarfi, kuma a Janairun 1787 suka nufi rumbun makamai na Springfield ƙarƙashin Daniel Shays, tsohon kyaftin a yaƙin 'yanci. Gwamnatin tarayya ba ta da sojan da za ta tura, sai attajiran Boston ne suka haɗa kuɗi aka ɗauki rundunar da ta tarwatsa su. Watanni kaɗan bayan haka aka buɗe taron rubuta sabon tsarin mulki a Filadelfiya.

Me sabon tsarin mulkin ya ce game da bashi da haraji?

Ya ba majalisar tarayya ikon ɗora haraji da karɓarsa kai tsaye, da ikon cin bashi da sunan ƙasa, da ikon buga kuɗi, sannan ya hana jihohi buga takardun kuɗi nasu ko karɓar fito a kan kayan waje ba da iznin majalisa ba. Sashe na shida ya tabbatar da cewa duk bashin da aka ci a tsohon tsari yana nan a wuyan sabuwar gwamnati. Banki kuwa ba a ambace shi ko sau ɗaya ba.

Wane ne Alexander Hamilton, kuma mene ne ya gabatar?

An haife shi a tsibirin Nevis na yankin Karebiyan, ya yi aikin akawu a kantin fatake tun yana yaro, ya zama na hannun daman Washington a lokacin yaƙi, kuma ya ga da idonsa yadda sojoji ke kwana da yunwa saboda majalisa ba ta da abin aiko musu. A Satumbar 1789 Washington, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, ya naɗa shi sakataren baitulmali na farko. A Janairun 1790 ya miƙa wa majalisa rahoto inda ya ƙiyasta bashin waje a kusan dala miliyan 12, bashin cikin gida na tarayya a wajen miliyan 42, sannan na jihohi a wajen miliyan 25, wato jimilla kimanin miliyan 79, a ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan huɗu ba.

Shawararsa ba ta biyan bashin nan take ba ce, domin babu kuɗin. Cewa ya yi a karɓi tsofaffin takardun nan barkatai a musanya su da sababbi na tarayya, a keɓe wani tabbataccen haraji domin biyan kuɗin ruwansu a kan lokaci. Idan mutane suka ga ana biya ba fashi, takardun za su yi daraja, ɗan kasuwa zai iya sayar da su ko ya jingine su ya sami jari, kuma ran da ƙasa ta sake buƙatar rance za ta samu da sauƙi. Tun a 1781 ya rubuta wa Morris cewa bashin ƙasa, muddin bai wuce kima ba, alheri ne gare ta, kuma abin da zai ɗaure jihohin wuri guda. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Hamilton bai ga abin kunya a cikinsa ba, abin da ya dame shi kawai shi ne a san ƙasa da cika alkawari.

Wa ya cancanci a biya, sojan da aka ba takarda ko wanda ya saye ta daga hannunsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa zukatan mutane, kuma ita ce ta fara raba Hamilton da James Madison, ɗan majalisar wakilai daga Virginia, wanda a da suke tafiya tare. A shekarun ƙunci, tsofaffin sojoji da manoma da yawa sun sayar da takardunsu da arha, sau da yawa takardar dala ɗaya a kan santi 10 zuwa 15, domin su sayi abinci ko su biya haraji. Masu saye kuwa galibi 'yan kasuwar biranen arewa ne da wakilan masu jari na Turai. Da labarin shirin ya fara fita a New York, wadda ita ce babban birni a lokacin, wasu suka tura wakilai da gaggawa zuwa jihohin kudu su kwashe takardun daga hannun waɗanda labari bai kai gare su ba tukuna.

Madison ya ba da shawarar a raba biyan gida biyu: wanda ke riƙe da takarda yanzu a ba shi farashi mafi tsada da ta taɓa kaiwa a kasuwa, ragowar kuma a kai wa wanda aka ba ita tun asali. Hamilton ya ƙi. Ya ce da yawan takardun sun ratsa hannuwa barkatai, babu yadda za a gano mai asali ba tare da an buɗe ƙofar zamba ba. Ya ƙara da hujjar da ta fi wannan nauyi a wurinsa: wanda ya saya ya yi kasada da kuɗinsa a lokacin da ba wanda ya san ko za a biya, kuma idan gwamnati ta nuna cewa tana iya sake sharuɗɗa bayan ciniki ya faɗa, ba wanda zai sake sayen takardarta da cikakken farashi. A Fabrairun 1790 majalisar wakilai ta yi watsi da shawarar Madison da ƙuri'a 36 da 13.

Ta fuskar gina amincin ƙasa a kasuwa, Hamilton ne ke da gaskiya, kuma abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Sai dai wannan ba ya share cewa mutumin da ya yi yaƙi ba takalmi a ƙafarsa ya tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, sannan aka dawo aka karɓi haraji a hannunsa domin biyan wanda ya saye takardarsa. Wasu daga cikin 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'ar ma suna riƙe da irin waɗannan takardu.

Me ya sa gwamnatin tarayya za ta ɗauki bashin jihohi, alhali nata ma ya ishe ta?

Hujjar da aka faɗa a fili ita ce yaƙin na kowa ne, don haka nauyinsa ma na kowa ne. Amma akwai lissafin siyasa a ƙasa, kuma Hamilton bai ɓoye shi ba. Duk attajirin da ke bin jiharsa bashi, zuciyarsa na tare da jihar. Ran da bashin ya koma wuyan tarayya, zai fara yi wa tarayya fatan alheri, domin rushewarta asararsa ce. Haka kuma jihar da aka sauke wa bashi ba ta da sauran dalilin yin gogayya da tarayya a kan hanyoyin haraji.

Massachusetts da South Carolina, waɗanda bashi ya yi wa katutu, sun yi maraba da shirin. Virginia da wasu jihohin da suka riga suka biya kaso mai yawa na nasu suka ce ba za su biya sau biyu ba. A Afrilun 1790 shirin ya faɗi a majalisar wakilai da ƙuri'a 31 da 29, al'amura suka tsaya cik, har aka fara jin maganar ballewa. A daidai wannan lokaci ana wata jayayyar a kan inda za a kafa babban birni na dindindin. A watan Yuni Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, ya gayyaci Hamilton da Madison cin abincin dare a gidansa, kuma bisa labarin da Jefferson ɗin ya bari, a nan aka daidaita: Madison zai sassauta adawarsa, wasu wakilan yankin kogin Potomac su sauya ƙuri'a, su kuma 'yan arewa su bari a kai babban birni bakin wannan kogi bayan ya yi shekara goma a Filadelfiya. Masana tarihi da dama na ganin an yi wasu cinikayyar a bayan fage ban da wannan liyafa, amma dokokin biyu sun fito a jere, ta babban birni a Yuli, ta bashi ranar 4 ga Agusta, 1790. Birnin Washington na yau daga nan ya samo asali. Majalisar jihar Virginia ba ta haƙura ba, ta aika da takardar ƙorafi a ƙarshen shekarar tana cewa babu inda tsarin mulki ya ba da wannan iko.

An biya kowa cikakken abin da yake bi?

Masu bin bashi na waje ne kawai aka cika wa sharuɗɗansu yadda suke. Na cikin gida an rage musu ta hanya mai laushi: kashi biyu cikin uku na uwar kuɗin ya sami ruwan kashi 6 cikin ɗari nan take, kashi ɗayan sai bayan shekara goma zai fara haihuwa, tsohon kuɗin ruwan da ya taru kuma aka ba shi kashi 3. Tsofaffin takardun kuɗin yaƙi kuwa an karɓe su ne dala 100 a kan ɗaya.

To, ina banki ya shigo cikin maganar?

A Disambar 1790 Hamilton ya kawo rahoto na biyu yana neman a kafa bankin ƙasa, yana kallon yadda Bankin Ingila ke yi wa gwamnatin Birtaniya aiki tun 1694. A lokacin bankunan Amurka duka ba su wuce huɗu ba, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, mutane na ciniki da azurfar Sifen da sauran kuɗaɗen waje. An tsara bankin da jarin dala miliyan 10, hannun jari 25,000 kowanne a kan dala 400, da izinin aiki na shekara 20. Gwamnati ta ɗauki kashi ɗaya cikin biyar, kuma kuɗin da ta saya da shi daga bankin ta ranto shi. Sauran masu saye za su biya rubu'i da zinariya ko azurfa, kashi uku cikin huɗu kuma da sababbin takardun bashin gwamnati.

A wannan sharaɗi na ƙarshe dabarar take. Duk mai son hannun jari a banki dole ya nemi takardun gwamnati, wannan ya ɗaga farashinsu. Bankin kuma ya mayar da bashin da ke kwance ya zama jarin da ake ba 'yan kasuwa rance da shi. Da aka buɗe sayar da hannun jarin ranar 4 ga Yuli, 1791, an kwashe shi a rana ɗaya. Bankin ya fara aiki a Filadelfiya a Disambar wannan shekara, ya buɗe rassa a Boston, New York, Baltimore da Charleston a shekarar da ta biyo, daga baya rassan suka kai takwas.

Daidai yake da babban banki irin na zamanin nan?

Ba daidai ba ne. Kamfani ne na 'yan kasuwa mai neman riba, yana karɓar ajiya yana ba mutane rance, kuma masu hannun jari ne ke zaɓen daraktocinsa. Sai dai shi ke ajiye kuɗin gwamnati, yana kai su daga wannan birni zuwa wancan, yana ba ta rance idan ta matsu, kuma ana karɓar takardun kuɗinsa wajen biyan haraji a ko'ina. Da yake takardun ƙananan bankuna na taruwa a hannunsa, yana iya kai musu su ya ce a ba shi azurfa, wannan ya sa suke taka-tsantsan wajen buga takarda fiye da ƙarfinsu.

Mene ne ainihin gardamar da aka yi kan halaccinsa?

Dokar ta wuce majalisar wakilai da ƙuri'a 39 da 20, kuma kusan duk waɗanda suka ƙi 'yan kudu ne. Madison ya tuna wa majalisa cewa a taron 1787 an kawo shawarar ba wa tarayya ikon kafa kamfanoni, aka ƙi. Washington ya shiga kokwanto, ya nemi ra'ayin Jefferson da na babban lauyan gwamnati Edmund Randolph, dukansu 'yan Virginia kamarsa, suka ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Har ya sa Madison ya shirya masa takardar ƙin sa hannu, ko da zai buƙace ta.

Gardamar ta ta'allaƙa ne a kan jimlar da ta rufe jerin ikokin majalisa, wadda ta ba ta damar yin duk dokar da ta zama wajibi kuma ta dace domin zartar da waɗannan ikoki. Jefferson ya ce wajibi na nufin abin da in babu shi aikin ba zai yiwu ba; ana iya karɓar haraji da cin bashi ba tare da banki ba, don haka banki sauƙi ne kawai, ba wajibi ba. Ya yi gargaɗin cewa taku ɗaya a wajen iyakar da aka shata zai buɗe fagen iko marar iyaka, kuma duk ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne da jama'a. Hamilton ya mayar da doguwar amsa ranar 23 ga Fabrairu, 1791. Ya ce idan aka bi ma'aunin Jefferson gwamnati ba za ta iya motsi ba, domin da wuya a sami matakin da za a rantse cewa babu wata hanya sai shi. A ganinsa, matuƙar manufar tana cikin ikokin da aka lissafa, matakin kuma yana da alaƙa bayyananna da ita, kuma ba a haramta shi ba, to halas ne. Bayan kwana biyu Washington ya sa hannu.

Shin adawar ta tsaya a kan fassarar doka kawai?

A'a. Manyan manoman Virginia sun daɗe cikin bashin fataken Birtaniya, suna kallon banki da cinikin takardu a matsayin hanyar da mutanen birni ke cin guminsu ba tare da sun riƙe fartanya ba. Jefferson ya yi imani cewa shirin zai cika majalisa da masu hannun jari waɗanda ke bin umarnin baitulmali, kamar yadda yake zargin ana yi a Landan. Abin da ya faru a 1792 ya ƙara masa hujja: William Duer, wanda ya taɓa zama mataimakin Hamilton, ya ci bashi a hannun attajirai da ƙananan masu sana'a na New York domin caca da takardun gwamnati, ya karye a watan Maris, kasuwa ta rikice, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a matsayin fursunan bashi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba a farko: masu bayi na tsoron cewa gwamnatin da ke iya faɗaɗa ikonta ta hanyar fassara, wata rana za ta kai hannu ga bauta. Daga waɗannan rigingimu jam'iyyun siyasa biyu na farko suka fito, ta Hamilton mai son tarayya mai ƙarfi, da ta Jefferson da Madison.

Da wane kuɗi aka riƙa biyan kuɗin ruwan?

Mafi yawa daga kwastan, wanda dokarsa na cikin na farko da sabuwar majalisa ta yi a 1789. Da aka ɗauki bashin jihohi sai kwastan ya gaza, aka ɗora haraji a kan barasar wiski a 1791. A bayan duwatsun yammacin Pennsylvania, inda hanya ba ta da kyau, manoma kan mayar da hatsinsu barasa domin ta fi sauƙin ɗauka a kan doki, har da ita suke biyan lada da sayayya. Harajin ya fi danne ƙananan masu dafawa a kan manya, kuma wanda aka tuhuma sai ya je kotun tarayya a Filadelfiya, tafiyar makonni zuwa da dawowa. Aka fara tare masu karɓar haraji ana shafe su da kwalta ana manna musu gashin tsuntsaye, a Yulin 1794 kuma aka ƙona gidan babban jami'in harajin yankin, John Neville. Washington ya tara dakaru kimanin 13,000, ya raka su wani ɓangare na hanya da kansa, Hamilton kuma ya bi su har can. Kafin su isa masu boren sun watse. Mutum biyu aka yanke wa hukuncin cin amanar ƙasa, Washington ya yi musu afuwa. Shekara bakwai kacal kafin wannan, tarayya ba ta iya tura soja ko ɗaya Massachusetts ba.

Da Jefferson ya hau mulki a 1801, ya rushe tsarin?

Ya soke harajin barasa a 1802, ya rage kashe kuɗi a kan soja, kuma sakataren baitulmalinsa Albert Gallatin ya duƙufa kan biyan bashi, wanda ya sauko daga kimanin dala miliyan 83 a 1801 zuwa miliyan 45 a 1812. Amma ba a taɓa bankin ba, Gallatin ma ya zama mai kare shi. A 1803, da Napoleon na Faransa ya sa yankin Louisiana a kasuwa a kan dala miliyan 15, da takardun bashin gwamnati aka biya mafi yawan kuɗin ta hannun bankunan Baring na Landan da Hope na Amsterdam, waɗanda ba za su karɓe su ba in da ƙasar ba ta yi suna wajen biya ba. Tsarin mulki bai ambaci sayen ƙasa ba, Jefferson ya san haka, ya yi tunanin neman gyara, daga baya ya bar maganar don kada ciniki ya suɓuce.

Me ya faru da wa'adin bankin ya cika a 1811?

An ƙi sabunta shi da ƙyar. A majalisar wakilai ƙuri'a ɗaya ce ta raba, 65 da 64. A majalisar dattawa aka yi kunnen doki 17 da 17, mataimakin shugaban ƙasa George Clinton ya kaɗa tasa a kan a rufe. Bankunan jihohi, waɗanda suka yawaita a lokacin, suna son ajiyar gwamnati ta dawo hannunsu, ga kuma ƙorafin cewa mafi yawan hannun jarin ya koma wurin Turawan Birtaniya, ko da yake doka ba ta ba masu jari na waje ƙuri'a ba. A shekarar da ta biyo yaƙi ya ɓarke da Birtaniya. Kuɗin kwastan ya faɗi, masu kuɗin Boston da ke adawa da yaƙin suka ƙi ba da rance, a 1813 sai da 'yan attajirai irin su Stephen Girard da John Jacob Astor suka ceci wani rance na miliyan 16. A 1814 sojojin Birtaniya suka ƙona gine-ginen gwamnati a Washington, yawancin bankuna suka daina ba da azurfa, baitulmali kuma ya kasa biyan wasu masu bin sa a kan lokaci. Bashi ya haura zuwa kimanin miliyan 127. A Afrilun 1816 shugaban ƙasa Madison, wanda ya jagoranci adawa da banki na farko, ya sa hannu a dokar kafa na biyu mai jarin dala miliyan 35, bayan tun a 1815 ya faɗa cewa daɗewar da aka yi ana aiki da banki da yardar hukumomi da jama'a ta riga ta rufe gardamar halacci.

Kotu ta taɓa yanke hukunci a kan maganar?

Ta yanke a 1819. Jihar Maryland ta ɗora haraji a kan duk bankin da ba ita ta ba shi izini ba, James McCulloch, ma'ajin reshen Baltimore, ya ƙi biya, shari'a ta kai kotun ƙoli. Alƙalin alƙalai John Marshall, da yawun dukan alƙalan, ya bi kusan sawun hujjar Hamilton: majalisa na da ikon zaɓen hanyar da ta dace don cimma halastacciyar manufa, kuma jiha ba ta da ikon ɗora haraji a kan wata kafa ta tarayya, domin mai ikon ɗora haraji yana da ikon ruguzawa. Har yau kotunan Amurka na komawa ga wannan hukunci idan ana jayayya kan iyakar ikon tarayya.

Hukuncin bai ceci bankin ba. Shugaba Andrew Jackson, wanda ke ganinsa a matsayin kayan aikin attajirai, ya ƙi sa hannu a dokar sabunta shi a Yulin 1832, ya ce shugaban ƙasa ma yana da haƙƙin fassara tsarin mulki yadda ya fahimce shi, ya ci zaɓe a wannan shekara, sannan a 1833 ya karkatar da ajiyar gwamnati zuwa bankunan jihohi duk da turjiyar shugaban bankin, Nicholas Biddle. A Janairun 1835, da taimakon kuɗin kwastan da na sayar da filayen yamma, waɗanda aka raba 'yan asalin ƙasar da su, gwamnatin tarayya ta biya bashinta kaf. Izinin bankin ya ƙare a 1836, kasuwa ta faɗi a 1837, gwamnati ta koma cin bashi, kuma Amurka ba ta sake samun babban banki ba sai a 1913.